Girgizar Biyo-Baya: Sunan da Ba Ya Tabbata Sai Ƙura Ta Lafa

Duk lokacin da aka yi babbar girgizar ƙasa a wani yanki na duniya, kwana ɗaya ko biyu bayan nan sai ka ji mai karanta labarai yana cewa "an ci gaba da samun ƙananan girgizar ƙasa a yankin". Mai sauraro a unguwar Mabera ko Runjin Sambo a Sakkwato, wanda wataƙila ɗansa na karatu a Turkiyya ko ƙanensa ya tafi ziyara Fas ta Maroko, sai hankalinsa ya kwanta: ai ƙanana ne, babbar ta riga ta wuce. Kalmar "ƙanana" ce ta kwantar masa da hankali, alhali ilimin girgizar ƙasa bai ba kowa wannan tabbacin ba.

Abin da ake ƙoƙarin fassarawa kalma ce guda ta Ingilishi, "aftershock", wadda ke shigowa ɗakunan labarai daga kamfanonin dillancin labarai. Hausa ba ta tsayar mata da suna ɗaya ba tukuna, don ba abin da muka saba gani ba ne a ƙasarmu. Wani ya ce ƙananan girgiza, wani ya ce motsin ƙasa, wani ya ce ragowar girgiza. A ganinmu sunan da ya fi dacewa shi ne girgizar biyo-baya, jam'inta girgize-girgizen biyo-baya, kuma dalilin zaɓen yana cikin yadda abin yake aukuwa.

Girgizar biyo-baya girgizar ƙasa ce cikakkiya. Dutse ne ya zame a kan dutse a can ƙarƙashi, motsin ya bazu, doron ƙasa ya kaɗa. Da za a miƙa wa masani zanen da na'urar auna girgiza ta fitar, a ɓoye masa rana da wuri, ba zai iya cewa wannan uwa ce, wato babbar girgizar da sauran ke bi, ko mai biyo baya ba. Sharuɗɗa uku ke sa a kira ta da wannan suna, kuma duka ukun jingine suke ga wata girgizar: ta zo bayan wata, ta auku kusa da inda waccan ta tsaga dutse, kuma ba ta kai ta ƙarfi ba. Kusancin ma da ma'auninsa. Masana kan duba tsawon tsagar da uwar girgizar ta yi a ƙarƙashin ƙasa, sai su ƙidaya duk wadda ta auku cikin tazarar da ta kai wannan tsawon sau ɗaya ko sau biyu a matsayin biyo-baya. Girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin maki 7.8 a ma'aunin girgizar ƙasa, ta tsaga ƙasa tsawon sama da kilomita 300. Ke nan yankin da biyo-bayanta ke iya bugawa ya fi nisan Sakkwato zuwa Gusau nesa ba kusa ba.

Sharaɗi na uku shi ne mai rikitarwa, kuma Bahaushe yana da misalinsa a cikin gida. Gambo sunansa tabbatacce ne tun ranar haihuwa, don an riga an ga tagwayen da ya biyo. Auta kuwa ba haka ba. Yaro na iya shekara biyar ana kiransa Auta, sai Allah ya kawo ƙani, sunan ya tashi daga kansa. Haka "uwar girgiza" take. Ana kiranta uwa ne muddin ba a samu wadda ta fi ta ba. Ranar da wadda ta fi ta ta zo, sai a sake rabon sunaye: sabuwar ta zama uwa, ta farkon ta koma girgizar share-fage. Ba wata alama a jikin girgiza da ke nuna cewa share fage take yi. Ƙididdigar shekaru masu yawa ta nuna cewa kusan ɗaya cikin ashirin na girgize-girgize, wadda ta fi su ƙarfi kan biyo su cikin 'yan kwanaki a wuri guda. Ɗaya cikin ashirin kaɗan ne a takarda, amma ba kaɗan ba ne ga mai shirin kwana ƙarƙashin rufin da ya tsage.

Japan ta ɗanɗana wannan fiye da sau ɗaya. Ranar 9 ga Maris 2011 an yi girgiza mai maki sama da 7 a tekun gabashin ƙasar, ƙanana suka biyo ta kamar yadda aka saba, aka ɗauka ita ce uwa. Bayan kwana biyu, ranar 11 ga wata, mai maki 9 ta zo da igiyar ruwan da ta shafe garuruwan gaɓar teku. Amma abin da ya fi shafar batun kalma shi ne na Kumamoto a 2016. Daren 14 ga Afrilu aka yi girgiza mai maki 6.5 a ma'aunin hukumar yanayi ta Japan. Hukumar ta fitar da gargaɗin da ta saba, cewa a kula da biyo-baya. Kalmar da Japanawa ke amfani da ita, yoshin, ma'anarta ragowar girgiza. Mutane da dama da suka kwana waje a daren farko suka koma gida, tunda abin da ya rage ragowa ce. Bayan awa 28, da ƙarfe ɗaya da minti 25 na dare ranar 16 ga wata, mai maki 7.3 ta zo ta rushe gidajen da ta farko ta raunana, kuma yawancin mutum 50 da suka rasu kai tsaye a lamarin a wannan ta biyun suka rasu. A watan Agusta na shekarar aka sauya ƙa'ida: hukumar ta daina amfani da kalmar yoshin a gargaɗin da take bayarwa a kwanakin farko, ta koma cewa a yi hattara da girgiza mai ƙarfi irin na wadda aka ji, har kimanin mako guda. Ƙasar da ke sahun gaba wajen na'urori da masana ta gano cewa kalma ɗaya ta tura mutane ƙarƙashin rufi.

Shi ya sa ba mu yarda da "ragowar girgiza" ko "ɓurɓushin girgiza" ba. Ragowa a kunnen Bahaushe abin da aka ci aka bari ne, ba shi da wani tasiri. "Amsa-kuwwar girgiza" ma kuskure ce, don amsa-kuwwa sautin farko ne ya bugi dutse ya dawo, ita kuwa wannan sabuwar zamewa ce da nata ƙarfin. "Motsin ƙasa" yana da amfaninsa, amma ga ɗan kaɗawar da ta tsaya a ƙarar tagogi da kwanuka, ko an yi wata kafinta ko ba a yi ba. Girman abin yake bayyanawa, ba dangantakarsa da wata girgiza ba. "Ƙananan girgiza" kuwa ita ce ta fi yaɗuwa kuma ta fi yaudara. Ranar 25 ga Afrilun 2015 aka yi girgiza mai maki 7.8 a Nefal, kusan mutum 9,000 suka rasu. Ranar 12 ga Mayu biyo-bayanta ta zo da maki 7.3, ta kashe sama da mutum 150. Wannan "ƙaramar" ta fi girgizar Haiti ta 2010 mai maki 7.0 ƙarfi, ta kuma fi ta Maroko ta Satumban 2023 mai maki 6.8, wadda ta hallaka kusan mutum 3,000. Ƙanƙantarta a kan uwarta ne kawai.

Sauran harsuna kowanne da inda ya kama. Maƙwabtanmu na Birnin Ƙonni da Tawa da ke jin labarai da Faransanci suna jin réplique, wato martani. Kafafen Larabci sun fi cewa hazza irtidadiyya, kaɗawa mai dawowa. A Larabcin akwai wani tushe da ya fi kusa da abin da muke nufi, wanda duk almajirin da ya kai Suratun Nazi'ati ya san shi: ar-radifa, mai biyo baya. Radif shi ne wanda aka goya a bayan mahayin raƙumi, kamar fasinjan da ɗan kabu-kabu ya goya. Sai dai malaman tafsiri sun fassara rajifa, wato mai girgizawa, da radifa na ayoyin nan da busar ƙaho ta farko da ta biyu ranar tashin Alƙiyama, don haka bai kamata a jawo kalmar cikin rahoton yau da kullum ba. Za ta kai zuciyar mai sauraro wani wuri dabam. "Biyo-baya" ta wadatar. Tana faɗin abin da aka sani, wato ta zo bayan wata, ba ta yi alkawarin abin da ba a sani ba.

Dalilin da ya sa ƙasa ba ta yin shiru nan take

Wanda ya san rufin soro ya san rabin bayanin. Azara ce jere, kowace ɗauke da rabonta na nauyin ƙasar da aka ɗora. Idan ɗaya ta karye, nauyinta ba ya ɓacewa, komawa yake kan na kusa da ita. Wadda gara ta riga ta ci sai ta bi ta nan take. Mai ɗan ƙwari ta jure kwana biyu tana ƙara, sannan ta saki. Wata sai an yi wata guda. Duk wadda ta saki kuma, ita ma ta tura nata nauyin gaba.

A ƙarƙashin ƙasa, duwatsun da ke gefe biyu na tsaga sun shekara ɗaruruwa suna matse da juna, kowanne na son wucewa, gogayya ta riƙe su. Ranar da riƙon ya kasa, sai su zame, wani lokaci mita da yawa cikin daƙiƙu. Zamewar ba ta zuwa daidai a ko'ina. Wani wuri ya yi mita biyar, wani ya yi ɗaya, wani ya cije bai motsa ba. Wuraren da suka cije, da bakin tsagar biyu inda zamewar ta tsaya, da ƙananan tsagogin da ke maƙwabtaka, su ne ke karɓar sabon matsi. Saki da suke yi ɗaya bayan ɗaya shi ne biyo-baya. Ruwan da ke cikin kofofin dutse shi ma yana sauya wuri a hankali bayan babbar girgiza, yana sassauta riƙon wasu tsagogin, kuma wannan na cikin abin da ke sa wasu su jinkirta. Kowace biyo-baya tana haifar da nata biyo-bayan, shi ya sa idan wata mai ƙarfi ta zo bayan mako uku sai ka ga ƙidayar ta sake tashi kamar an koma ranar farko. Girgizar da ta auku can zurfin ɗaruruwan kilomita ba ta cika samun mabiya da yawa ba. Ta kusa da doron ƙasa ce mai zuri'a.

Ba wanda zai iya faɗin rana ko sa'ar da wata biyo-baya za ta zo. Amma jimillarsu tana bin lissafi, kuma lissafin tsoho ne. Wani masanin Japan, Fusakichi Omori, ya bi diddigin girgize-girgizen da suka biyo babbar girgizar Nobi ta 1891, ya fitar da ƙa'idarsa a 1894: yawansu yana raguwa gwargwadon tsawon lokacin da ya shuɗe. Rana ta biyu ana samun kimanin rabin na ranar farko, rana ta goma kimanin kashi ɗaya cikin goma. Idan, alal misali, an ƙidaya 200 a ranar farko, a sa ran wajen 100 a ta biyu, 20 a ta goma, biyu a rana ta ɗari. Wani masanin Japan ɗin, Tokuji Utsu, ya gyara ƙa'idar a 1961, kuma ita ake aiki da ita har yau.

Akwai abin da ke ɓoye cikin wannan lissafi da mutane ba su cika lura da shi ba. Raguwar tana da sauri a farko, sannan ta ja wutsiya mai tsawo. Idan aka tara, adadin da ake samu tsakanin rana ta 1 da ta 10 kusan daidai yake da na tsakanin rana ta 10 da ta 100, kuma daidai da na tsakanin ta 100 da ta 1,000. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci: yawansu ne ke raguwa, ba girmansu ba. Lokaci ba ya sa su ƙanƙance. Mai ƙarfi na iya zuwa a rana ta goma sha bakwai kamar ta Nefal, sai dai damar zuwanta a kowace rana tana raguwa tare da yawan sauran.

Game da girma kuwa akwai ƙa'idoji biyu. Ta farko ta Markus Båth ce, ɗan ƙasar Suwidin, ta 1965: a matsakaici, babbar biyo-baya tana ƙasa da uwarta da maki 1.2. Ta biyu ta wasu masana biyu ce, Gutenberg da Richter: duk saukar maki ɗaya, yawan girgize-girgize yana ninkuwa kusan sau goma. Idan aka haɗa su, bayan girgiza mai maki 7 a sa ran ɗaya mai kusan maki 6, goma masu kusan 5, ɗari masu kusan 4, dubu masu kusan 3. A nan sai an fahimci maki. Ba kamar mudu ba ne, da za a ce mudu bakwai ya fi shida da ɗaya. Ƙarin maki ɗaya yana nufin faɗin kaɗawar da na'ura ke zanawa ya ninka sau goma, ƙarfin da dutse ya saki kuma ya ninka kusan sau 32. Saboda haka tazarar maki 1.2 tazarar ninki sittin da wani abu ce a ƙarfi. Amma ƙa'idar Båth matsakaici ce kawai. A Maroko babbar biyo-bayan da ta zo bayan minti 19 tana da maki 4.9, ƙasa sosai da abin da ƙa'idar ta nuna. A Nefal tazarar rabin maki ce.

A Turkiyya tazarar ta fi haka ƙanƙanta har ta jawo saɓani tsakanin masana. Mai maki 7.8 ta zo da ƙarfe huɗu da minti 17 na asuba. Bayan minti 11 aka samu mai 6.7, wadda ba wanda ya yi musun biyo-baya ce. Bayan awa tara sai mai maki 7.5 ta auku kusa da Elbistan, kimanin kilomita 95 daga ta farko, a kan wata tsagar dabam. Wasu suka ce biyo-baya ce, tunda ta cika sharuɗɗan lokaci da tazara da girma. Wasu suka ce tagwaye ne, tunda tsagarta dabam ce kuma ƙarfinsu ya yi kusa. Duka ɓangarorin sun yarda cewa ta farko ce ta tayar da ta biyu. Ga mai fassara, mafita ita ce ya ce "girgiza ta biyu mai maki 7.5", ya bar saɓanin suna ga masu shi. Akwai kuma wani nau'in da ba shi da uwa sam: girgize-girgize masu kusan girma ɗaya su yi ta zuwa makonni ko watanni, har ma shekaru, kamar yadda aka yi a Matsushiro ta Japan daga 1965 zuwa 1967. Wannan cincirindon girgiza ne, kuma ƙa'idar Omori ba ta aiki a kansa.

Me ya sa wadda ba ta kai uwa ƙarfi ba take iya fin ta ɓarna? Birnin Christchurch na Niyuzilan ya amsa wannan. Ranar 4 ga Satumban 2010 aka yi girgiza mai maki 7.1, kimanin kilomita 40 daga birnin, da asuba mutane na barci, ba ta kashe kowa kai tsaye ba. Ranar 22 ga Fabrairun 2011, bayan wata biyar da rabi, mai maki 6.3 ta zo. A ƙarfi, ta farko ta ninka ta fiye da sau goma sha biyar. Amma ta biyun ta auku dab da birnin, zurfinta kilomita biyar kacal, da ƙarfe ɗaya saura minti tara na rana, ofisoshi da shaguna cike, kuma ta tarar da gine-ginen da watanni na kaɗawa suka gajiyar. Mutum 185 suka rasu, 115 daga cikinsu a bene ɗaya. Maki yana auna abin da dutse ya saki a can inda ya zame. Abin da ke rushe gida shi ne kaɗawar da ta iso ƙarƙashin harsashinsa, kuma wannan ya danganta da nisa, da zurfi, da irin ƙasar wurin, da halin da ginin yake ciki kafin ta zo.

Inda abin ya shafe mu

Nijeriya tana tsakiyar falalen dutsen da nahiyar Afirka ke kansa, nesa da bakinsa inda manyan girgize-girgize ke aukuwa. Wannan rahama ce, amma ba ta nufin ƙasar ba ta motsi. An ji girgiza a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumban 2016, a Mpape ta Abuja a Satumban 2018 da kuma Satumban 2024. Na Kwoi da Mpape ƙarfinsu wajen maki 3 ne. Idan aka bi ƙa'idar Båth, biyo-bayan girgiza mai maki 3 a matsakaici ba za ta kai maki 2 ba, kuma irin wannan na'ura ce ke jin ta, ba mutum ba. Ƙasar Gana ta fi mu gani: girgizar Akara ta 22 ga Yunin 1939 ta haura maki 6. Masu sa ido a gida su ne Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Nijeriya da cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauci. Wasu masana na ganin cewa a tsakiyar nahiya irin tamu, inda matsi ke taruwa a hankali, biyo-baya kan ɗauki shekaru masu yawa fiye da na bakin falale kafin ta ƙare. Ƙarewar kuma tana da ma'ana ɗaya a wurinsu: lokacin da yawan girgiza a yankin ya koma yadda yake kafin uwar ta zo.

Sakkwato tana zaune a kan wani babban kwari da ya miƙa har Nijar da Mali, wanda yashi da laka da farar ƙasa irin ta Kalambaina suka cike shi hawa-hawa. Dutse mai tauri yana can ƙarƙashi, ba ya fitowa fili sosai sai an nufi Zamfara. Ƙasa mai laushi, musamman fadamar Rima inda ruwa ke kusa, tana ƙara wa kaɗawa ƙarfi da tsawon lokaci fiye da dutse. Amma a nan yankin, idan bango ya tsage ko ƙasa ta yi ƙara, da wuya girgiza ce. Laka tana kumbura da damina ta ƙanƙance da rani, ta ja harsashi ya tsage. Fasa dutse da nakiya, wucewar tirela mai lodi, ruftawar tsohuwar rijiya ko ramin haƙa, duk suna kaɗa ƙasa a ɗan ƙaramin fili. Ba ɗaya daga cikinsu da za a kira biyo-baya, tunda ba uwar da suka biyo. Haka kuma girgizar da aka yi a Turkiyya ko Maroko ba ta aiko da biyo-baya Sakkwato, tazarar ta wuce sharaɗin kusanci da dubban kilomita. Duk saƙon WhatsApp da ya ce za a yi girgiza da ƙarfe kaza a gari kaza ƙarya ne. A Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan girgizar Haiti, irin wannan jita-jita ta wayar salula ta fitar da dubban mutanen Gana suka kwana a fili, ba abin da ya faru.

Ga wanda ya tsinci kansa a inda aka yi girgiza, ko a gida ko a tafiya, sa'o'in farko da kwana ukun farko su ne mafi haɗari, don a nan biyo-baya ta fi yawa. Da zarar kaɗawar farko ta tsaya, a sa takalmi saboda fasassun gilasai, a rufe tukunyar gas daga kanta, a kashe wuta daga babban makunnin da ke kusa da mita, a fita ta matakala, kar a shiga lif. Kar a kyasta ashana don duba ɓarna, a yi amfani da tocilan. A waje, a tsaya nesa da kowane bango da tazarar da ta kai tsayinsa sau ɗaya da rabi. Katanga mai mita biyu da rabi tana buƙatar kusan mita huɗu. Mutanenmu sun saba zama a gindin katanga don inuwa, kuma katangar bulo mai inci shida da aka ja ta doguwa ba pila ba rodi tana cikin abubuwan da ke fara faɗuwa. Haka zanko da rawanin soro, da tankin ruwa da aka ɗora kan ƙarafa. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika tan biyu ne a sama. Lungunan tsohon gari kamar na Kanwuri, inda bango ke fuskantar bango da tazarar taku biyu ko uku, ba wurin tsayawa ba ne, a wuce su zuwa fili.

Idan biyo-baya ta samu mutum a cikin ginin siminti, musamman bene, gudu zuwa ƙofa ya fi tsayawa haɗari. A durƙusa, a shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari, a kare kai da wuya, a riƙe ƙafar tebur har ta wuce. Ɗakin ƙasa mai rufin azara hukuncinsa dabam ne, domin rufin yana da nauyi kuma gaba ɗaya yake sauka. Idan ƙofa taku kaɗan ce kuma tana buɗewa zuwa tsakar gida mai faɗi, fita ta fi.

Komawa cikin gida shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma shi ne inda kalmar "ƙanana" ta fi cutarwa. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi a jikin filasta, wadda ba ta shiga bulo ba, ba komai ba ce. Masu haɗari su ne tsagar da ta ratsa bango a karkace ko ta gicciye kamar harafin X, musamman tsakanin taga da taga, da wadda ta raba bango biyu a kusurwa, da wadda ake hango haske ta cikinta, da pilar da siminti ya ɓare har rodi ya bayyana ko ya lanƙwashe. Ƙofar da jiya take rufuwa yau ta cije tana nuna ginin ya karkata. A ɗakin ƙasa a duba inda kan azara ya hau bango: idan ya janye ko ƙasa na zubowa daga wurin, a bar ɗakin. Tsagar da tsinken ashana ke shiga a sa mata ido. A ja layi da fensir a ƙarshenta biyu, a rubuta kwanan wata, a sake dubawa bayan kowace kaɗawa. Idan ta wuce layin, tana ci gaba ke nan. Wadda ɗan ƙaramin yatsa ke shiga kuwa, ba a kwana a ɗakin sai injiniyan gini ya gani. Cike ta da siminti a shafe da fenti ɓoye ta ne kawai, bangon bai dawo da ƙarfinsa ba. Masu tonon ɓaraguzai don ceto su ajiye mutum ɗaya a gefe wanda aikinsa kallo kawai, da usur a bakinsa, kowa kuma ya san ta inda zai fita idan an busa.

Mutanen da suka sha girgiza kan riƙa jin kamar ƙasa na motsi ko ba ta motsi, wani irin jiri da kan ɗauki kwanaki ko makonni. Ruwa a kwano da aka ajiye a ƙasa yana raba gardama: idan ruwan na kwance, jikin ne.

Ga masu rubuta labarai a gidajen rediyo da jaridu da shafukan intanet, jimlar da ta dace tana buƙatar abu huɗu: sunan, makin, wurin, da tazarar lokaci daga uwar. Maimakon "an samu ƙaramar girgiza a Hatay", a ce "an yi girgizar biyo-baya mai maki 6.3 a lardin Hatay na Turkiyya, mako biyu bayan mai maki 7.8, kuma wasu gine-ginen da suka raunana sun rushe". Idan lamarin bai kai mako guda ba, a ƙara da cewa wata mai irin wannan ƙarfin ko fiye na iya zuwa. Kalmar "babbar girgizar" a kwanakin farko a haɗa ta da "zuwa yanzu". "Ƙarama" kuwa a ajiye ta ga wadda makinta bai kai 4 ba.